Dalilin da Ke Fitar da Masu Fasaha daga Babban Birni: Misalin Marinan Kano



A shekarar 2020 kamfanin Oracle ya ba da sanarwar ɗauke hedkwatarsa daga jihar Kalifoniya ta Amurka zuwa birnin Ostin na jihar Tekzas, kamfanin Tesla kuma ya bi sawu a 2021. Tsadar gidaje da nauyin haraji suna cikin abubuwan da suka gundure ma'aikatan kwamfuta da wannan cibiya. Wannan al'amari ba baƙo ba ne a tarihin ƙasar Hausa, inda rini yake cikin manyan fasahohin ƙarni na 19.

Sa'ad da Bajamushen nan Barth ya ziyarci Kano a 1851, ya tarar tufafin da ake rinawa a can suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ya kuma ambaci kuɗin karofi, wato harajin da ake biya a kan kowace rijiyar rini. To, amma shahararren turkuɗin nan mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa ba a cikin ganuwa aka fi yin sa ba. A Kura ne da garuruwan da ke kudancin birni, har ma sunan garin ya bi shi, ana ce masa ɗan Kura.

Dalili kuwa a fili yake. Marini yana bukatar baba da toka da ruwa mai yawa, dukkansu kuma kaya ne masu wuyar ɗauka in aka gwada da darajarsu, alhali turkuɗin da aka gama bugawa ba shi da nauyi, ga tsada. Saboda haka ya fi riba a kai karofi kusa da gonar baba, a bar jaki ya kai tufa kasuwa. Ga abinci da araha, ga fili, ga manoman da ke komawa saƙa da rani. Hukuma ma ba ta ƙi haka ba, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya hori masu mulki da su zaunar da masu sana'a a kowane gari.

Sai dai, a ganina, kada mu ce birni ya yi asara. Fatake da dillalai da masu jari ba su bar Kasuwar Kurmi ba, kuma a hannunsu ciniki yake ƙarewa. Haka nan har yau manyan masu zuba jari a harkar kwamfuta suna nan zaune a Kalifoniya.