Asalin Dodon Tutar Ingila

Tsibirin da ake kira Birtaniya, da can Rumawa ke mulkin mafi yawansa. Wajen shekara ta 410 suka janye sojojinsu, suka bar 'yan ƙasa, wato kakannin mutanen Wales na yanzu. Ana nan sai ga waɗansu ƙabilu uku sun ƙetaro teku daga wajen Jamus da Denmark: Angal da Sakson da Jut. An ce da fari a matsayin sojan haya aka gayyato su, daga baya baƙo ya fi ƙarfin mai gida. Su ne kakannin Turawan Ingila.

Wani littafin tarihi da aka rubuta a Wales wajen 830 ya ce Sarki Bortigan na 'yan ƙasa, da baƙin nan suka matsa masa, ya gudu duwatsun arewacin Wales don ya gina ganuwa. Kullum in magina suka tara kayan gini, kafin gari ya waye sun ɓace. Bokayensa suka ce sai an yanka yaro marar uba, an yayyafa jininsa a wurin. Aka nemo wani yaro, Emris. Yaro ya ce, "A haƙa ƙasan nan tukuna." Da aka haƙa sai ga tafki, a ciki ga dodanni biyu masu siffar maciji suna barci, ɗaya ja, ɗaya fari. Suka farka suka kama faɗa. Farin ya fara rinjaye, amma daga ƙarshe jan ya fatattake shi. Yaro ya ce jan shi ne 'yan ƙasa, farin kuwa Saksonawa. Har yau ana kiran dutsen nan Dinas Emrys.

Ke nan farin dodon da waɗansu ke ɗauka alamar Ingila ta asali, abokan gāba ne suka laƙaba mata shi, a labarin da shi ne ma ya sha kāshi.

Su kuwa Saksonawa, dodon da marubutan tarihi suka ce suna ɗagawa a fagen fama na zinariya ne, tutar daular Wesseks. Salon ma tun zamanin barāden Rum yake. Sukan ƙera kan dodo da ƙarfe, baki buɗe, su ɗaura masa doguwar jakar ƙyalle, su kafa a tsinin sanda. In doki ya zabura, iska ta shiga ta bakin, sai jikin ya kumbura yana kaɗawa. Gidan sarautar Wesseks ne ya haɗa Ingila ta zama ƙasa ɗaya a hannun Sarki Atelstan a 927. A zanen surfani na Bayeux, mai tsawon kusan mita 70, ana ganin irin wannan tuta kusa da Sarki Harold ranar da Normawa suka kashe shi a Hastings, a 1066.

Bayan haka sarakunan Ingila suka mai da zakuna uku tambarinsu. A 1348 Sarki Edward na Uku ya kafa ƙungiyar barāde ta Garter da sunan waliyyin Kirista Joj, wanda almara ta ce ya soke dodo da mashi. Sannu a hankali jan gicciyensa a kan farin ƙyalle ya zama tutar Ingila.

Jan dodon kuwa bai ɓace ba. Henry Tudor, mai jinin Wales, ya ɗaga shi a yaƙin Bosworth a 1485, ya ci sarautar Ingila. A 1959 aka tabbatar da shi a tutar Wales.

Shi ya sa yau in ƙasashen biyu suka haɗu a filin ƙwallo, mutanen Wales suna ɗaga dodo, na Ingila kuwa suna ɗaga tutar wanda ya kashe dodo.