Daga ɓawon bishiya zuwa asibiti: sinadaran tsirrai da sankarar mama

Kaɗan daga cikin magungunan da likitoci suka fi dogaro da su wajen yaƙar sankarar mama asalinsu tsirrai ne. Mafi shahara shi ne paclitaxel, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Taxol.

A shekarar 1962 wani masanin tsirrai, Arthur Barclay, ya ɗebo ɓawon wata bishiya mai suna Taxus brevifolia a jihar Washington ta Amurka, ƙarƙashin shirin Cibiyar Binciken Sankara ta ƙasar na gwada dubban tsirrai. Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace sinadarin, suka wallafa tsarinsa a 1971. Sai a 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki: yana daskarar da siraran zaruruwan da ƙwayar halitta ke buƙata wajen rabuwa gida biyu, ta kasa hayayyafa, ta mutu. Hukumar FDA ta amince da shi don sankarar ƙwan mace a 1992, sannan sankarar mama a 1994. Shekara talatin ke nan, galibi da kuɗin gwamnati, duk da cewa kamfanin Bristol-Myers Squibb ne ya samu damar sayar da shi. Ɗan'uwansa docetaxel an samo shi ne a Faransa daga ganyen wata bishiya ta wannan dangi.

Tsawon wannan tafiya shi ne abin da masu tallar “maganin daji” a Facebook da TikTok ba sa faɗa. Kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaje-gwaje mataki ne na farko kawai. Guba ma tana kashe su. Ganyen graviola, dangin gwandar daji, yana ɗauke da sinadaran da suka yi tasiri a irin wannan gwaji, amma babu gwajin asibiti da ya tabbatar yana warkar da mutum, kuma bincike a tsibirin Guadeloupe ya alaƙanta yawan shansa da wata cutar jijiyoyi mai kama da Parkinson.

A Najeriya, inda sankarar mama ta fi kowace sankara yawa tsakanin mata, kuma akasarin masu ita ke isa asibiti bayan cutar ta yi nisa, watannin da aka ɓata kan jiƙo suna iya cin rai. Lambar da NAFDAC ke bai wa maganin gargajiya a matakin farko shaida ce cewa an duba amincinsa ga jiki; ba ta tabbatar da cewa yana warkarwa ba.