Gasar kacici-kacici: tambayoyi 12 da ke yawan kayar da ɗalibai

Duk lokacin da aka shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantu, a rediyo ko a filin makaranta, akwai tambayoyin da ke dawowa shekara bayan shekara, kuma su ne ke yawan kayar da ƴan takara. Wani lokaci an haddace amsar ne daga tsohon littafi alhali al'amura sun sauya, wani lokaci kuma tambayar ce ke da ƙulli da ba a lura da shi ba. Maki ɗaya na iya fitar da makaranta daga gasa, kuma irin waɗannan tambayoyi kan fito a jarrabawar neman aikin gwamnati. Ga guda goma sha biyu, tare da dalilin kowace amsa.

KIMIYYA

1. Duniyoyi nawa ne ke kewaya rana?

Takwas ne. Tsofaffin littattafai sun ce tara, domin suna lissafawa da Pluto, wadda aka gano a 1930. A watan Agustan 2006, ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi taro a birnin Prague, ta mayar da Pluto cikin rukunin ƙananan duniyoyi. Dalilin shi ne ba ta da ƙarfin share hanyar da take bi daga sauran duwatsun sararin samaniya, kuma an riga an gano wata mai kusan girmanta, Eris.

2. Wace hamada ce mafi girma a duniya?

Yawancinmu Sahara za mu ce. Sai dai a wajen masana, ƙarancin ruwan sama ne ke sa a kira wuri hamada, ko da zafi ko babu. Da wannan ma'auni, nahiyar ƙanƙara ta Antatika ce kan gaba, da faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan 14. Sahara na da kusan miliyan 9. Idan aka ce hamada mai zafi mafi girma, to nan ne Sahara ke zama amsa.

3. Wace daɗaɗɗiyar dabba ce ke ɗauke da sunan Nijar?

Nigersaurus taqueti, wani nau'in dinoso da ya rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce. A Gadufawa, cikin jihar Agadas, aka tono ƙasusuwansa. Masanin Amurka Paul Sereno da abokan aikinsa ne suka raɗa masa suna a 1999, don karrama Bafaranshe Philippe Taquet wanda ya fara bincike a wurin. Tsawonsa ya kai mita 9, yana da haƙora sama da 500, kuma tsirrai yake ci.

TARIHI

4. Yaushe Nijar ta samu ƴancin kai?

Ranar 3 ga Agustan 1960. Ana yawan rikita ta da 18 ga Disamban 1958, ranar da aka ayyana jamhuriya, lokacin da ƙasar ke da mulkin cikin gida amma tana ƙarƙashin inuwar Faransa. Diori Hamani ne shugaban ƙasa na farko. Akwai wata tambayar da ke biyo wannan: Yamai ta karɓi matsayin babban birni a 1926 daga hannun Damagaram, wadda ta riƙe shi tun 1911.

5. Wace ƙasa ce mafi faɗi a Afirka?

Aljeriya, da kusan murabba'in kilomita miliyan 2.4. Sudan ce ke riƙe da wannan matsayi har zuwa 9 ga Yulin 2011, ranar da Sudan ta Kudu ta ɓalle. Yanzu Sudan ta koma ta uku, bayan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Nijar ce ta shida a nahiyar, kuma ta ɗaya a Afirka ta Yamma, da murabba'in kilomita 1,267,000.

6. Mene ne babban birnin Benin, da na Kodibuwa?

Na Benin Porto-Novo ne bisa tsarin mulki, duk da cewa fadar shugaban ƙasa da yawancin ma'aikatu suna Kwatano. Na Kodibuwa kuwa Yamusukuro ne tun 1983, amma Abijan ta ci gaba da zama cibiyar kasuwanci. A Najeriya, gwamnati ta tashi daga Legas zuwa Abuja a watan Disamban 1991.

AL'ADU

7. Wace ƙasa ce ta fi yawan dala irin ta Fir'auna?

Sudan. Tana da sama da 200, waɗanda sarakunan daular Kush suka gina a wurare irin su Meroe da Nuri. Na Masar ba su kai wannan adadi ba, amma sun fi girma, sun fi daɗewa, shi ya sa sunansu ya fi fita. Sarakunan Kush ɗin sun taɓa mulkin Masar kanta na kusan ƙarni guda.

8. Wa ya fara lashe babbar kyautar FESPACO?

An fara wannan bikin fina-finai a Wagadugu a 1969, amma sai a 1972 aka soma ba da babbar kyautarsa, wato Étalon de Yennenga. Ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ya rasu a 1981, kuma babbar cibiyar al'adu ta Yamai tana ɗauke da sunansa.

9. Ina Bishiyar Tenere take yanzu?

Wannan bishiyar ƙaya ta shahara saboda ita kaɗai ce a tsaye cikin ɗaruruwan kilomitoci na rairayi, kuma ayarin raƙuma masu zuwa Bilma da ita suke gane hanya. Wata babbar mota ta kaɓe ta a 1973. An kai gangar jikinta gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda yanzu ake kira Boubou Hama. Abin da matafiya ke gani a wurin a yau bishiyar ƙarfe ce da aka kafa a madadinta.

WASANNI

10. Wa ya fara ciyo wa Nijar lambar Olamfik?

Matasa da yawa Alfaga suke ambata, amma Issaka Daboré ya riga shi da shekaru 44. Daboré ya samu tagulla a dambe a gasar Munich ta 1972. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya samu azurfa a taekwondo a Rio a 2016, sannan ya zama zakaran duniya a 2017.

11. Wace ƙasar Afirka ce ta fara zuwa gasar cin kofin duniya?

Masar, a 1934, a Italiya. A kula da yadda aka gina tambayar, domin tana da ƴan'uwa. Tunisiya ce ta fara cin wasa a gasar, a 1978. Kamaru ce ta fara kai wa zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, a 1990. Maroko ce ta fara kai wa na kusa da ƙarshe, a Katar a 2022.

12. Yaushe Mena ta fara zuwa gasar cin kofin Afirka?

A 2012, ta kuma koma a 2013. Yadda ta samu gurbin farko darasi ne ga duk mai shiga gasa. A wasan ƙarshe na share fage, cikin Oktoban 2011, Masar ta doke Mena da ci 3 da nema. Afirka ta Kudu ta tashi canjaras da Saliyo, ƴan wasanta suka hau rawa a fili, a zatonsu da yawan ƙwallaye za a raba gardama. Ashe doka ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon karawar da ƙasashen suka yi tsakaninsu ake dubawa. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo duk suna da maki 9, kuma a wannan lissafi Mena ce a sama.

Ga masu shirin gasa

Kafin ɗalibi ya haddace amsa, ya dubi shekarar da aka buga littafin da ya same ta. Sunayen manyan birane da iyakokin ƙasashe da tarihin bajintar wasanni suna sauyawa. A lokacin gasa kuma ya bari mai tambaya ya kai ƙarshe, domin kalma ɗaya, kamar "mai zafi" ko "ta farko", kan juya amsa gaba ɗaya. Malamai masu shirya tambayoyi su ma su sabunta takardunsu, kada a hana yaro makin da ya ci saboda alƙalin gasa yana riƙe da amsar shekaru ashirin baya.