Mulkin Mallaka da Ilimin 'Ya'ya Mata a Arewacin Nijeriya

Sau da yawa idan ana maganar koma-bayan ilimin mata a ƙasar nan, sai a ɗora laifin a kan addini da al'ada. Ni a nawa nazarin, tarihi ya nuna cewa hukumar da ke riƙe da mulki tana da babban kaso a cikin wannan laifi.

Tun kafin zuwan Turawa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda takan naɗa jajis, ta ba su malafa, su shiga ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar waƙoƙi. Ashe ke nan akwai tushen da za a iya ɗora gini a kai.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, bukatarsu ita ce malaman ofis da ma'aikatan En'e, waɗanda duk maza ne. Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina a 1922, duk domin 'ya'ya maza. Sai a 1930 aka buɗe makarantun mata na farko a Kano da Katsina, zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, wato bayan shekara 21. Ko a nan ma, ɗinki da tsabta da renon yara aka fi bai wa ƙarfi. Makarantar horar da malamai mata ta Sakkwato kuwa sai a 1939 ta samu. Da yake ta hannun hakimai da dagatai ake ɗaukar yara, talakawa suka riƙa kallon boko tamkar wani haraji, suna ɓoye 'ya'yansu.

Haka abin yake a fagen siyasa. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa an hana su. Malam Isa Wali ya yi rubuce-rubuce a jarida a 1956 kan matsayin mata a Musulunci, ya sha suka. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri a hannun En'e saboda tara mata da yi musu jawabi. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979.

Don haka ina kira ga malaman makaranta da su riƙa koya wa ɗalibai waɗannan shekaru tare da sunan Nana Asma'u. Uban da ya san cewa karatun mata ya riga Bature zuwa ƙasar nan, zai yi wuya ya cire 'yarsa daga aji da sunan kare gado.