Lasisin Masu Tausa a Amurka: Ikon Jiha da Ikon Birni

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta ba da lasisin aikin tausa. Kowace jiha ke tsara nata, a wasu wuraren kuma hukumar birni ce ke riƙe da ikon. Sanin wanda ya ba da lasisin shi ke nuna wa majiyyaci abin da aka tantance da inda zai kai ƙara.

Lasisin jiha

Fiye da jihohi 40 na ba da lasisi. Ohayo ce ta fara a 1915, ƙarƙashin hukumar likitocin jihar. Galibi ana neman horo na aƙalla sa'o'i 500, amma Niyok na neman 1,000. Yawancin jihohin suna kuma buƙatar cin jarrabawar MBLEx. Lasisin na aiki a ko'ina cikin jihar, kuma hukumar na iya dakatar da shi ko soke shi.

Ikon birni

Zuwa 2024, Kansas, Minisota da Wayomin ba su da lasisin jiha. A can birane ke kafa sharuɗɗa, don haka suna bambanta daga gari zuwa gari, wani garin ma ba shi da ko ɗaya. Wanda aka hana aiki a wani gari yana iya komawa na kusa ya ci gaba.

Ko a jihar da ke da lasisi, birni yakan kula da shagon: unguwar da za a buɗe shi, tsafta da lokutan aiki. Takardar shago ba shaida ba ce ta ƙwarewar mai tausa.

Kalifoniya

Dokar 2008 ta samar da hukumar CAMTC mai ba da takardar shaida ga wanda ya nema, ba dole ba. Mai riƙe da ita na iya aiki a faɗin jihar. A 2014 wata doka ta mayar wa birane ikonsu kan shaguna.

Kafin a yi maka tausa

Tambayi wace hukuma ta ba da lasisin, ka duba lambarsa a shafinta na intanet. Mai gudan jini a jijiyar ƙafa, mai shan maganin tsinka jini, mai raunin ƙashi, mai ciwon daji da mai juna biyu su fara tuntuɓar likita. Danna ƙafar da ke da gudan jini na iya tura shi huhu, wanda kan kai ga mutuwa.