Daga Katin Zaɓi Sonka Zuwa TikTok: Tarihin Zumuncinmu da Duniya

Mai karatu, idan kana ganin da Facebook Bahaushe ya fara abota da wanda bai taɓa gani ba, to je ka tambayi manyanmu na Ikara, Maƙarfi ko Hunƙuyi. Za su ba ka labarin katin zaɓi sonka. Mutum ya sayi kati, ya jera sunayen abokai, ya aika Rediyon Kaduna, sannan ya kasa kunne mako da makonni kafin a karanto. Ta haka manomin rake a Kudan zai yi aboki a Maraɗi ko Kumasi, har ta kai ga ziyara. Wasu kuma wasiƙa suke aikawa Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957. Sai dai ka lura, a wancan zamani akwai mai gadi a bakin ƙofa. Ma'aikacin rediyo ne ke tace abin da zai fita, maganar banza ba ta wucewa.

Shekarar 2001 ce ta fara sauya lissafi. A cikinta wayar salula ta shigo Nijeriya, a cikinta kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren Finafinan Hausa a Yahoo, inda 'yan kallo na gida da na Turai ke fafatawa a kan rawa da waƙa da kwaikwayon Indiya. Amma su nawa ne? Sai mai kuɗin shiga shagon intanet a Zariya, Kaduna ko Kano, kuma yawanci 'yan boko.

Ba a fahimci ƙarfin abin ba sai a 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na sirrin wata 'yar fim ya fita. Ba gidan talabijin da ya nuna shi, daga waya zuwa waya kawai ya yi ta tafiya ta Bluetooth. Ka san abin da ya biyo baya: Gwamna Ibrahim Shekarau ya naɗa Malam Abubakar Rabo shugaban Hukumar Tace Finafinai, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wata shida, 'yan fim da dama suka yi ƙaura zuwa Kaduna. Hukuma ta iya kama furodusa da mai kaset, amma wayar da ke aljihun jama'a ta gagare ta.

Daga nan fa sai ruwa ya ɓalle. Wajen 2011 samari da 'yan mata suka duƙufa a 2go, sannan Facebook da WhatsApp. A 2016 Facebook ya sanya Hausa cikin harsunansa. Marubutan da a da sai sun bi ta hannun dillalan littafi na Kano suka koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, matar aure a Jidda ko Landan tana karantawa rana ɗaya da ta Maƙarfi, har ta yi wa marubuciya gardama a kan ƙarshen labari. Da kasuwar faifai ta mutu, fim ma ya koma YouTube, kamar yadda Izzar So ya nuna tun 2020.

To batun cuɗanya da wasu al'ummu fa? Dubi Rahama Sadau, 'yar Kaduna. A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kore ta saboda rungumar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ. Da a zamanin kaset ne, shi ke nan an rufe babinta. Amma labari ya zaga duniya ta Twitter, mawaƙi Akon ya gayyace ta Amurka, a 2022 kuma ta fito a fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz 2. Mu da muka shekara hamsin muna kallon Indiyawa, ga tamu a cikinsu. Haka a Disambar 2020 wani matashi a Kano ya auri Ba'amurkiyar da suka haɗu a Instagram.

Amma kada daɗi ya kwashe ka. Ita dai Rahamar, a Nuwamban 2020 ta saka hotuna, wani ya yi ɓatanci ga addini a ƙarƙashinsu, ƙura ta tashi har ta fito tana ba da haƙuri cikin hawaye. Abin da ɗan Legas ko Baturiya ke gani ado ne, a Ikara abin kunya ne, kuma duk a shafi ɗaya suke kallonsa. Ganin juna ya yi yawa, fahimtar juna kuwa ba ta ƙaru daidai da shi ba.

Abin da ya fi damuna a matsayin mai sharhin fim shi ne, yanzu duniya daga TikTok take sanin Bahaushe, kuma zagi da tsiraici sun fi saurin yaɗuwa a kan labari mai ma'ana. Mai gadin nan na Rediyon Kaduna ba ya nan, aikinsa ya dawo hannunka. Duk abin da ka tura wa wani ko ka yi wa tafi, ka ƙara masa tsawon rai ke nan. Saboda haka kafin ka danna, tambayi kanka ko za ka yarda a karanto shi da sunanka da na garinku, kamar katin zaɓi sonka, mahaifinka na zaune yana saurare.

Allah ya sa mu dace, amin.