Abin da Ɓeraye Suka Nuna Game da Juriyar Giya

A ɗakin gwaji, awon maye ba shi da wuya. Ana yi wa ɓera allurar barasa, a kwantar da shi rigingine cikin wani ɗan kwaroro, a riƙe agogo har sai ya iya juyawa ya tsaya kan ƙafafunsa. Wani ya tashi da wuri, wani ya daɗe a sheme, alhali kuwa barasar da aka ba su daidai take. A Jami'ar Kolorado, Gerald McClearn ya yi ta haɗa masu dogon barci da junansu, masu gajere ma haka, har aka sami zuriya biyu da suka sha bamban ƙwarai. Wannan ya tabbatar da cewa gado na da hannu a ciki.

To, ina gadon yake aiki? Babban wurin shi ne makarɓan saƙo da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Tun 1989 aka nuna cewa barasa tana danne makarɓin NMDA, wanda ke zaburar da jijiyoyi. A 1997 Miyakawa da abokan aikinsa a Japan suka cire wa ɓeraye ƙwayar gadon Fyn, wadda ke samar da sinadarin da ke sake ƙarfafa wannan makarɓi bayan barasa ta danne shi. Ɓerayen suka fi 'yan'uwansu daɗewa a kwance, kuma ƙwaƙwalwarsu ta kasa yin juriyar gaggawa da aka saba gani. Ashe abin da mashayi ke kira "kaina na ɗauka" ƙwaƙwalwa ce ke gyara kanta don ta ci gaba da aiki cikin guba. Wannan abin damuwa ne, domin binciken Marc Schuckit a kan mutane ya nuna cewa samarin da giya ba ta saurin bugarwa sun fi faɗawa cikin jarabarta daga baya.

Sai dai ina ganin kuskure ne a ɗauki ƙwayar gado guda a ce ita ce ta shan giya. A 1996 John Crabbe ya ruwaito cewa ɓerayen da aka cire wa makarɓin sirotonin 5-HT1B suna shan ninki biyu na abin da sauran ke sha. A 1999 shi da Wahlsten da Dudek suka maimaita gwaje-gwaje a ɗakuna uku, biyu a Amurka ɗaya a Kanada, suka daidaita abinci da keji da lokaci. Wancan bambanci bai sake bayyana ba. Abin da ya tsaya daram shi ne wanda aka sani tun 1959: zuriyar C57BL tana son barasa, zuriyar DBA tana gudunta. Bambancin zuriya kuwa tarin ƙwayoyin gado ne ke haifar da shi, kowace da ɗan kasonta, kuma a nan ya kamata masu bincike su zuba ƙarfinsu.